Inna Ramatu ta tafi, ina za mu kai ƴaƴanmu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Balki maƙwabciyata ta kira ni tana kuka: Inna Ramatu ta unguwar Lamorde ta rasu.



Ga wanda bai san ta ba, ita ce tsohuwar da muke bar wa ƴaƴanmu, mu matan da ba maza a gida. Wata mijinta ya rasu, wata an sake ta, ni nawa ya ce zai je neman kuɗi, ko waya bai sake yi ba. Kullum da sassafe mu ajiye yara a rumfar gidanta, mu tsallaka gada neman abin kai wa baki. Ni shara nake yi a wani biro, wato ofis, a unguwar Plato. Balki tana sayar da kopto, kwaɗon zogale, a bakin kasuwa.

Ba ta taɓa yanka mana kuɗi ba. Wata roba ce a bayan ƙofarta, rufe da zane. Kowace uwa ta zo da hannu a dunƙule, ta cusa ƙarƙashin zanen ta buɗe. Shinkafa ce, gero ne, ko ba komai, ba mai gani. Da abin da ya taru take dafa wa yaran na rana.

Akwai lokacin da na daɗe ina cusa hannu wayam. Rannan kunya ta ishe ni, na tsaya zan yi mata bayani. Ta harare ni.

"Ke Hadiza, na tambaye ki? Sa hannunki ki wuce, kina tare mini hanya."

Haka take, ga faɗa kamar me. In ka kawo yaro ba wanka, ranar ka shiga uku. Amma ƴata Nafisa a bayanta ta yi ƙyanda, ni ina can ina goge tebur.

Jiya Juma'a na same ta zaune, ƙafafunta sun kumbura. Na ce Inna, tansiyon nan fa, hawan jini ba wasa ba ne, ki je likita. Ta ce, "In na tafi, waɗannan in rataye su a ƙusa?" Muka shirya da Balki ranar Litinin za ta bar kasuwa ta zauna da yara, Inna ta je a duba ta.

Ba ta kai Litinin ba.

Wallahi ina kukan Inna, kuma ina kukan kaina, ba zan ɓoye ba. Gidan na haya ne, danginta sun ce bayan addu'ar uku za su rufe. Madam ɗina ta wurin aiki tun ranar da ta ɗauke ni ta faɗa mini, ranar da na zo da goyo, ranar aikin ya ƙare. Kuɗin jardan, makarantar renon yara, kuwa ya fi ƙarfinmu gaba ɗaya.

Masu cewa zawarawa ba sa son aiki, ga mu, muna so. Wurin ajiye yara muka rasa. In akwai mai tsakar gida da inuwa a Lamorde, don Allah ta yi mini magana. Za mu riƙa karɓa-karɓa tsakaninmu, wuri kawai muke roƙo.

Allah ya jiƙan Inna Ramatu, ya yalwata kabarinta, ya ba ta inuwar da ta ba ƴaƴanmu. Duk wanda ya karanta, ya yi mata Fatiha. Mu ma ku sa mu a addu'a, don jibi Litinin ce kuma ban san inda zan ajiye Nafisa ba.