Sallamar Dare a Gidan Masu Awara

Shaguna arba'in da uku ne a layinmu na kasuwa a Tsuyama lokacin da aka kawo ni aure. Yanzu goma sha ɗaya suka rage, ni ce kuma shugabar ƙungiyar masu shaguna, don haka duk ƙofar da aka saukar ba a sake ɗagawa ba a ƙirjina nake jin ta. Shagona na ganyen shayi yana kallon shagon awara na gidan Kuwabara, inda Setsuo yake aiki.

Ba a gidan aka haife shi ba. Ɗa na huɗu ne ga wani manomin shinkafa a kan tudu, gonar ba ta isa rabo ba, sai aka turo shi koyon sana'a wurin tsoho Genzo. Genzo 'ya'ya mata biyu gare shi, babu namiji. Da ya ga hannun Setsuo ya faɗa, sai ya aura masa babbar, Mitsue, aka shigar da shi cikin zuriyar gidan kamar yadda aka saba. Ya ajiye sunan ubansa, Tabuchi, ya ɗauki Kuwabara.

Mai awara tun cikin dare yake tashi, saboda haka da sauran rana yake kwanciya. Da zafi, in tagoginsu na buɗe, ina jin komai daga shagona. Zai yi wanka, ya zo bakin ƙofar ɗakin surukarsa Kinu, ya durƙusa, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya ce, "Oyasuminasai." Wannan ita ce cikakkiyar sallamar dare, wadda ake yi wa malami da maigida da baƙo. A cikin gida kowa guntuwar yake jefawa, "oyasumi", yana hamma, ko waiwaye ba ya yi. Mijina ma rabinta yake haɗiyewa. Setsuo kuwa har matarsa doguwar yake yi wa.

"Kai, aurena ka yi ko haya kake a gidan nan?" Haka Mitsue take masa tsiya.

"Baki ne ya saba."

"Dube shi, kamar mai tarbar baƙi a otal. Inna, ki ce masa wani abu mana."

Kinu kuwa sai ta sunkuyar da kai ita ma, ta mayar masa da doguwar, ta haɗa da "Setsuo-san", da wutsiyar girmamawa da ake maƙala wa sunan mutumin waje. Genzo ya mutu, shagon ya koma hannun Setsuo, amma sallamar ba ta gajarta ba. Shi da Mitsue haihuwa ba ta zo musu ba. Awara dai kullum sai ta ƙare kafin tsakar rana, kuma ban taɓa jin wani ya ce ta yi tsami ba.

Mitsue ta rasu da kaka, bayan jinya ta wata biyu. Ƙanwarta Yasuko ta zo daga Osaka, kuma ba ta ɓoye abin da take so ba: ta tafi da uwarta, a sayar da filin ga masu wurin ajiye motoci. Ba muguwa ba ce. Kinu ta haura tamanin da takwas, matakalar gidan kuma a tsaye take. Gidan na Kinu ne, maganarta ce ƙarshe, aka tsayar za ta faɗa ranar addu'ar kwana arba'in da tara.

Ni ba na iya zaman jira. Na tsallaka na sami Setsuo yana wanke akwatunan katako da ake danne awara a ciki.

"Bayan addu'a zan koma wurin yayana a ƙauye," in ji shi.

"Wa ya kore ka?"

"Babu kowa. Mitsue ce ta ɗaure ni a gidan nan."

"Sunan da ke kan allon shagon fa? Ba naka ba ne?"

"Aro ne, Harue." Ya kife akwati ya ɗauki wani. "Shekara arba'in da ɗaya, Inna ba ta taɓa kiran sunana tsirara ba. Ba zan jira sai ta juya mini takalma sun kalli ƙofa ba."

Washegari na ɗauki ƙunshin shayi na hau wurin Kinu. Tana zaune, ƙafafunta cikin bargon teburin ɗumi.

"Harue, kin zo ki ƙirga ni cikin shagunan da suka mutu?"

"Na zo in ji ko za ki bar mutumin nan ya tafi, Inna."

Ta daɗe tana juya kofi a hannu. "Mun cinye wa yaron nan rayuwa. Mun karɓe masa suna, mun karɓe masa barci. Kullum yamma yana durƙusa mini kamar wanda ya sauka jiya. Wanda ya ɗauki gida nasa ba ya haka. In na ce ya zauna zai zauna, don bai iya cewa a'a ba. Shi ya sa ba zan ce ba."

"Shi kuma gani yake ke ce kika ajiye shi a matsayin baƙo."

"Ni? Shi ya fara. In mutum ya rusuna miki, tsayawa za ki yi ƙiƙam kamar turken lantarki?"

Na ce to a zauna mu uku gobe, kowa ya faɗi nasa, cikin rabin sa'a an gama. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ba taron ƙungiyarku ba ne. Sha shayinki, ai naki ne, kin san tsadarsa."

Ranar addu'ar malamin haikali ya zo ya yi karatu, aka ƙona turare, aka kai tokar gawar Mitsue kabarin gidan, kusa da ubanta. Aka dawo aka ci abinci, baƙi suka watse. Na tsaya taya Yasuko wanke kofuna. Da safe jirginta na ƙasa zai tashi, ta sayi tikiti biyu, har lokacin kuma tsohuwar ba ta faɗi hukuncinta ba. A lungun matakala na ga jakar Setsuo a ɗaure. Guda ɗaya ce tak.

Rana ta yi ja sai ga shi ya fito daga wanka. Ya zo bakin ƙofa, ya durƙusa, ya dafa tabarma. Kinu tana ɓare lemo, ta ba shi baya. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Setsuo, ga shi ka bar ƙofa a buɗe, sanyi yana shiga mini ƙashi. Oyasumi."

Yasuko ta ajiye kofin da ke hannunta. Setsuo ya tsaya a durƙushe, wuyansa ya yi ja har kunne. Na ga leɓɓansa suna motsi sau biyu babu sauti. Da muryar ta fito, ƙasa-ƙasa ta fito.

"Oyasumi," ya ce, ya ja numfashi, sai kansa ya sunkuya da kansa, sauran ya biyo baya, "nasai."

Kinu ta jefa ɓawon lemo a faranti. "Ji shi. Ƙaton mutum, yana ɗaga buhun wake shi kaɗai, rabin kalma ta gagare shi. Kunnena ya gaji da doguwar nan. Gobe ka sake gwadawa. In ba ta fito ba, jibi."

"Inna," in ji Yasuko a hankali, "jirgi fa da safe ne."

"Na sani. Ki gaida mijinki. Ki zo da yaran a sabuwar shekara, yayanku zai soya musu awara."

Yasuko ta dubi uwarta, ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta goge ido da bayan hannu.

Setsuo bai tashi nan da nan ba. Can ya ce, "Inna, in jiƙa wake na gobe?"

"Ni kake tambaya? Shagon wa?"

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ja ƙofar ya rufe. Muka ji saukarsa a matakala, sannan ƙarar wake yana zuba a cikin baho, da famfo da ya buɗe a kansa. Kinu ta miƙo mini rabin lemon, ta ce in tafi gida, mijina yana jiran abinci.