Hujin Da Na Matse

A wancan lokacin ni mai walda ne a Haɗeja, hannuna na da kyau, kaina kuma ya fi hannun girma. Ina da aboki guda, magini, wanda muka shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya. Duk aikin da ya samu sai ya jawo ni, ni ma haka.

Wani ƙauye a fadamar Auyo suka ba mu aikin ɗaga tankin ruwa. Shi zai zuba kankare ya dasa rodi huɗu masu zaren ɗaura noti a gindin kowace ƙafa, ni kuma in ƙera ƙafafun da farantan ƙarfen da za su zauna a kan rodin a ɗaure da noti. Don a ce na iya aiki, sai na huda farantan daidai kaurin rodin, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ranar ɗorawa faranti ya ƙi zama, domin rodi biyu sun ɗan goce yayin zuba kankare, abin da bai kai faɗin farce ba. Dattawan gari na tsaye, ga hadari ya fara haɗuwa, kowa ya san da ruwa ya sauka hanya ta yanke sai kwalekwale. Mai gari ya tambayi laifin wane ne. Na ɗaga tef na nuna awona, na ce nawa babu kuskure, a tambayi mai siminti. Abokina bai ce uffan ba. Aka sallame shi a gaban jama'a, labari ya bazu cewa bai iya awo ba, aiki ya ɗauke masa, ya koma Kaugama noma.

Daga nan na zama ni kaɗai. In ci abinci a shago ni kaɗai, in hau babur zuwa aiki bayana wayam. Sau nawa na ɗauki waya in kira shi na ajiye.

Bayan shekara biyu wani injiniya ya ga ina huda faranti, ya yi dariya ya ce wa ya koya mini wannan rowar. Ya ce hujin dole ya fi rodin faɗi sosai, domin babu maginin da kankare ba ya gocar masa da rodi, sannan a rufe da washa, wato zoben ƙarfe mai kauri. Kuma mai walda ne ya kamata ya ba magini allon katako mai huji da zai riƙe rodin kafin kankare ya kama. Ni ban ba abokina ba.

Na sami abokina a gona na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, amma tun ranar ya ga hujin ya matse, ya yi shiru ne don kada a kunyata ni, yana zaton zan biyo shi ko da bayan sati ne. Ya koma kan fartanyarsa, ni kuma na tsaya ban san inda zan sa hannuna ba.

Ya yafe, amma ba mu koma yadda muke ba, kuma abin na cina har yau. 'Yan'uwana masu ƙarfe, ku bar wa rodi sarari, ku ba magini allonsa. In aiki ya ƙi, ku duba naku kafin ku nuna wani a gaban mutane. Faranti ana sake huda shi cikin awa guda, ni kuwa shekara huɗu ke nan ina cin tuwo ni kaɗai.