Randunan Badamasi Mai Tsaron Ƙofa

Shekara goma sha tara Badamasi ya yi yana tsaron ƙofar filin ƙwallon Taurarin Fadama a Haɗeja. Mutum ne mai faɗan tsiya, ba ka ganin haƙoransa sai an ci ƙwallo, amma ba ɗan kallon da bai sani da suna ba.

Da aka gyara filin, sai ga kujerun roba, ga rumfa, ga doguwar katanga. Wanda ya zana aikin dai na rantse bai taɓa taka gonar shinkafa ba. Ya sa aka sare darbejiyar bakin ƙofa, aka cire famfon da ke gindinta, wai suna ɓata tsari.

Wasa uku aka buga, kujeru wayam. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulfattah, ya ce baƙin ran Badamasi ne ke korar jama'a. In wasan Asabar ma ya zo haka, to ya ajiye makulli.

Abin ya yi wa Badamasi ciwo ƙwarai, har ya kasa cin abinci. Matarsa Larai ta ce, "Malam, wai su wane ne ma suka daina zuwan?"

Ya fara jero su: Hamman na garin Malam Madori, su Shu'ibu, mutanen Kafin Hausa. Nan take ya gane. Duk manoma ne. Daga fadama suke tahowa, taɓo har gwiwa. A famfon nan suke wanke ƙafa, su yi alwala, su yi La'asar a inuwa, sannan su shiga. Yanzu dole sai sun biya gida, kafin su fito wasa ya yi nisa.

Ranar Juma'a ya tsaya bakin masallaci yana gaya wa kowa ruwa ya dawo ƙofar filin ƙwallo. Washegari ya aro randuna huɗu, 'yan garuwa suka cika su, ya jera butoci, ya shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga. Har uku da rabi ba kowa. Can sai ga babura, goyon biyu-biyu, ƙafafu baƙi ƙirin da taɓo.

Sahu shida aka yi a sallar La'asar. Alhaji Abdulfattah ya iso, ya dubi layin da ke ƙofa, ya dubi randunan, ya naɗe hannun rigarsa.

"Badamasi, ara mini buta."

Badamasi ya miƙa masa, ya saki ajiyar zuciya, ya shafa aljihu. Makullin na nan.