Malam Danshi da Kifi Mai Ɗigo

Faɗan da Malam Danshi ba ya son a tuna masa shi ne na kifin firji. Wani masunci ne ya ba shi kifin, wanda ya mutu a cikin raga. Ya naɗe shi a leda ya tura firjin gida, da niyyar gobe ya kai wurin aiki a buɗe cikinsa a ga abin da yake ci. Bai gaya wa kowa ba, don shi magana nauyi take yi masa. Da safe ya duba, sai leda kawai.

"Uwar yara, ina kifin da na ajiye a nan?"

"Wanda ka ci jiya?"

Ya dafe ƙirji. "Kin san irinsa nawa suka rage a duniya?"

"Ban sani ba. Abin da na sani, ka tsotse kan tas, ka ce ko akwai ƙari."

Bawan Allah ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, sak kifin da ake magana a kansa. Ya ɗauki hularsa ya fice.

Sunan Danshi kuwa wandonsa ne ya jawo masa, don tun yana saurayi ba wanda ya taɓa ganin ƙafar wandon nan a bushe. A cibiyar binciken kifi da ke bayan gari yake aiki, cikin wani dogon ɗaki mai tankunan gilashi jere, inda injin iska ke ta gunaguni kamar tsoho mai ciwon baya. Rayuwarsa kaf ya ɗora ta a kan kifi guda, mai tsawon tafin hannu da ɗigon zinariya a haƙarƙari, wanda ba a samun sa sai a koginsu. A da mata da kwando suke kwasar sa. Sai aka sare itatuwan gaɓa, ruwa ya ɗau zafi. Masu tifa suka kwashe yashi, laka ta binne tsakuwa. Mai ɗigo ya yi ta raguwa ba sallama.

Shi da abokan aikinsa suka kamo 'yan kaɗan suka zuba a tanki don su hayayyafa. An sanyaya musu ruwa, an wanke tsakuwa an shimfiɗa, an rage haske. Kifayen suka ci, suka yi ƙiba, suka yi ta kallon mutane ta gilashi, ƙwai kuwa ko ɗaya. Wannan irin rashin kunya, sai kifi.

Shi ya sa Malam Danshi ya koma kogi da bokitinsa wanda ya cire wa gindi ya liƙa gilashi. Sai ya shiga ruwa har gwiwa, ya danna bokitin, ya cusa kai. Masu wucewa ɗuwawu kawai suke gani a sama, su yi dariya su wuce. Shi kuwa ya bar duniyarsu. A can ƙasa rana na saukowa zare-zare tana yawo a kan duwatsu. Ciyayi na kwanciya gefe guda kamar gashin da ake tajewa. Ganye ya zo yana juyi a hankali, inuwarsa na biye da shi a ƙasa, har su ɓace tare. Wani lokaci sai ya ji kamar ruwan ne a tsaye, shi ne ke tafiya.

A haka ya bi kogin har wata kwana inda wani ƙaton icce ya faɗi tun tuni, rabinsa a ruwa. A ƙarƙashin rassan ruwa na da sanyi, yana ratsawa ta tsakani yana wanke tsakuwa. Nan ya ga macen mai ɗigo ta kwanta a gefe tana kaɗa wutsiya, tana share wurin zuba ƙwai, ɗigonta na walƙiya a duhun inuwa. Ya bi kogin sama da ƙasa, bai sake ganin haka a ko'ina ba. 'Ya'yan kuwa bai taɓa sa su a ido ba. Ga ritaya ta matso, ga idon ya fara hazo. Abin da yake roƙon Allah ke nan, ya ga ƙanana sun fito daga tsakuwar nan kafin a karɓi bokitin.

Ana dab da lokacin ƙwai, ya ɗago kai wata safiya sai ya ga mutum tsaye a kan iccen da injin yanka katako a kafaɗa. Yayan matarsa ne, mutum mai murya kamar injin nasa.

"Angon kifi, matsa gefe kar reshe ya faɗo maka, ƙanwata ta ce na kashe mata miji."

"Yaya, me za ka yi?"

"Kitso zan yi masa! Katako ne kwance yana ruɓewa a banza, ga masu jiran ƙofa da benci."

Malam Danshi ya shiga bayani, inuwa kaza, sanyin ruwa kaza, tsakuwa kaza. Yayan ya yi hamma har ana ganin ganɗarsa.

"Kai dai ruwa ya shige maka kwanya. Kogin nan ƙarewa ya yi? Su ƙara gaba mana! Ko su koma tankunanku, ga tsabta, ga abinci a kan lokaci. Wane irin halitta ne za a ba shi wuri mai kyau ya ce sai ruɓaɓɓen icce?"

Masu wanki suka bar wankinsu, suka matso jin yadda za a kwashe. Kowa ya san Malam Danshi bai taɓa cin gardama ba, ko da ɗan jikansa ne. Amma iccen yana nan kwance har yau, injin kuma a kafaɗa ya zo a kafaɗa ya koma, saboda abin da Malam Danshi ya faɗa yana matse ƙafar wando, ko ɗago ido bai yi ba.

"Yaya, 'ya'yanka sun gina maka gida mai tayil da fanka, an kai ka da mota. Kwana biyu ka sulale ka dawo ɗakin nan mai yoyo na tsohuwarku, ka ce a can barci ba ya zuwa. Ranar da ka koma gidan tayil ɗin, zo ka gaya mini, ni da kaina zan riƙe maka reshen."