Hoton Da Na Ƙi Gogewa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Garba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa ina fasawa, domin karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina jin nauyin in yi kuskure a gaban jama'a. Abin da ya faru a gidanmu makon jiya ne ya sa na ce ko da kuskure sai na rubuta.

Mu manoman rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Gonata da ta Yaya suna jere a bakin kanal ɗaya, magudanar da ke kawo mana ruwan noma, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Duk wanda ya san mu ya san halinmu ya sha bamban. Yaya in ya yanke magana ya wuce. Ni kuwa waswasi ne ya yi mini katutu tun ina yaro. In na toshe bakin fangali, wato ɗan filin da ake tare wa ruwa a gona, na kama hanyar gida, sai na dawo sau uku in duba ko ruwa ya ɓalle. Alwala ma sai in gama in sake. Abin da na riƙe shi ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi, don haka na shekara arba'in ban tashi ba.

Shekarar da zai rasu, wani ya kawo shawara a zauren hira na waya da manoman yankinmu ke ciki: kowa ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum har shekara ta zagayo. Mutane suka shiga da ɗoki, kafin wata ya ƙare yawancinsu sun watse. Yaya bai watse ba. Ya ba ni tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya kuma ƙara mana doka biyu da babu su a zauren. Sau ɗaya ake dannawa, kuma ba a gogewa.

Hotona na farko babban yatsana ne ya rufe rabin gonar. Na ce zan sake. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Isiya, ranar yau za ka iya sake ta? To bar shi haka. Yatsan ma ai naka ne, ba na aro ba."

Wata biyun farko na sha wahala. Sai in tsaya da waya a hannu tun hantsi, ina tsoron in danna sannan abin da ya fi kyau ya zo wucewa. Matan da ke tsinkar tumatir suka sa mini suna Mai Jiran Tsammani. Amma rana ba ta jiran kowa, dole kafin magariba in danna. A hankali na lura cewa duk hoton da ya lalace, gari ya waye kuma ba abin da ya same ni. Na ɗauki belbela ta fito ba kai. Na ɗauki kwandunan tumatir a bakin titi mota ta gifta ta rufe su. Duk suna nan har yau.

A wata na takwas, da safe, Yaya ya shiga kanal yana cire ciyawar da ta toshe mana ruwa. Na ɗaga waya, hannuna ya yi rawa. Hoton ya fito dishi-dishi: bayansa kawai, ruwa har gwiwa, hula a karkace. Na ce, "Yaya, wannan kam bai yi ba, juyo in sake." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ka san doka." Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai ƙara shiga gona ba.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, bayan la'asar, na tuna ban ɗauki hoton ranar ba. Allah ya sani na yi ta fama da zuciyata. Ɗaya ta ce ba ranar wannan ba ce. Ɗaya ta ce alƙawari kaya ne, kuma wanda ka yi da shi ba ya nan balle ya sauke maka. Na zame daga zaman makoki na tafi gona. Takalmansa na roba suna nan a kan kunya inda ya cire su, laka ta bushe a jikinsu. Na danna sau ɗaya. Wani ya gan ni. Kafin in dawo gida magana ta riga ni: ƙasar kabarin ɗan'uwansa ba ta bushe ba yana yawon ɗaukar hoto.

Maganar ta yi mini ciwo, ban ɓoye ba. Sai dai ban daina ba. Na cika wata huɗun da suka rage ni kaɗai, har ranar ƙarshe, wadda na ɗauki shinkafar gonarsa a ɗaure dami-dami. Tun daga lokacin, in na toshe fangali gida nake tafiya.

Wani lokaci ina zaune a bakin kanal sai in ce, da Yaya zai leƙo yau me zai ce? Zai yi murna da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, shi da ya sha fama da neman mai. Zai yi tsaki ya ga ciyawar nan ta sake cinye kanal, kowa na jiran wani ya fara shiga. Amma na tabbata abin da zai fi ba shi dariya samarinmu ne. Yaro zai tsaya a gona ya danna hoto hamsin, ya goge arba'in da tara, wanda ya rage ma ya wanke fuskar har uwarsa ba za ta gane shi ba. Yaya zai ce waswasin da ya raba ni da shi ne ya bazu gari.

To, ga abin da ya faru makon jiya. Sadiya, babbar 'yar Yaya, za a ɗaura mata aure Juma'a mai zuwa. Ta same ni ta ce, "Baba Isiya, hoton nan na kanal nake so a wanke mini in tafi da shi." Labari ya kai kunnen Baffa Ɗanlami, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan, shi ke ba da auren 'ya'yanmu. Ya aiko aka kira ni. Ya ce ajiye hoton mamaci fama tsohon miki ne, tun ranar jana'iza nake jawo wa gidan nan magana, in goge su duka a gabansa. In ban goge ba, in nemi wanda zai ba da auren.

Ban yi garaje ba. Tun shekarun baya na tambayi malamai uku a kan wannan, amsarsu ba ta zo ɗaya ba, kuma ni ba malami ba ne balle in yanke wa kowa hukunci. Na san kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Baffa shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu, shi ma ɗa ya rasa. Ban taɓa ce masa a'a ba tunda nake. Amma na ce, "Baffa, ka yafe mini. Komai ka sa ni zan yi, ban da wannan. In ka ƙi ba da auren, ni ƙanin ubanta ne, zan bayar, ko da muryata za ta yi rawa."

Sai Baffa ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar. Na buɗe hoton na ba shi, ina sane dannawa ɗaya ta isa ta goge shi. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ne hoton? Ko fuskarsa ba a gani."

Na ce, "Amma ka gane shi, Baffa."

Ya ajiye wayar a kan tabarma ya tura mini ita da yatsa, ya ɗauki butarsa ya fita. Har yanzu bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Da a da ne, da na yi zarya ƙofar gidansa sau goma. Yanzu na gaishe shi da safe kamar kullum, na wuce gona.

Masu cewa na fiye taurin kai, na ji. Masu cewa babban mutum da furfura yana wasan yara, su ma na ji. Yaya bai bar gidan bene ba, gonarsa ma an raba. Addu'a ita ce za ta amfane shi, kuma ban taɓa fasa yi masa ba. Abin da ya bar mini ni kuwa ba ya rabuwa: ya koya wa matsoraci ya yi abu sau ɗaya ya tsaya a kansa, ko ya fito da kyau ko ya fito dishi-dishi.

Jiya na hau babur zuwa Kura na wanke hoton. Mai shagon ya duba ya ce, "Baba, wannan ai ya lalace. Bari in gyara maka shi a kwamfuta, ya fito tas." Na ce masa ya bar shi yadda yake. Akwai doka.