Sha-Kwana Ya Bar Kitse

Sha-Kwana direban tasi ne, a bayan sitiyari furfura ta same shi. A tasha ana cewa ko ido aka ɗaure masa zai kai ka ƙofar gidanka. Abincinsa kuwa kowa ya sani: soyayyen nama mai kitse, safe da rana, ya gama ya goge hannu da tsumman mota.

Wata rana ya ɗauko wata mata daga kasuwa, yana isa mararraba sai hanya ta ɓace masa ɓat. Ya yi ta zagaye har matar ta sauka tana mita. Da abin ya maimaitu, babban ɗansa ya same shi a tsakar gida.

"Baba, ka ba ni makullin nan ka huta."

"Kai ka haife ni? Motata ce, ba gado ba tukuna."

Autarsa ce ta lallaɓa shi zuwa asibiti. Likita ta duba shi, ta ce ba ta hana shi tuƙi ba, amma kitse ya yi masa yawa a jini. Ta ce akwai wani lungu a ƙwaƙwalwa mai riƙe hanya, kuma ana ganin sababbin ƙwayoyin halitta na tsirowa a wurin ko girma ya zo. Ta ce a wani bincike an ɗora ɓeraye a kan abinci mai maiƙo, tsiron ya ragu, suka riƙa ɓata hanya.

"To ni ɓera ne, likita?"

"A'a, Baba. Kuma ban yi maka alkawarin warkewa ba."

"Ban roƙi alkawari ba. Tunda ƙwaƙwalwar tana tsiro, ba a gama da ni ba."

Ranar ya raba gari da kaskon suya. Maiɗakinsa ta koma dafa masa wake da ganye. Kullum da safe sai ya taka da ƙafa cikin sababbin unguwanni yana haddace lunguna. Abokan aiki suka sa shi gaba: "Sha-Kwana ya zama akuya!"

"Kun taɓa ganin akuya ta ɓata hanyar gida?"

Ya rame har sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huji. Mantuwar ta ragu, amma ba ta tafi duka ba, don haka ya daina tafiya mai nisa. In hanya ta kuɓuce masa, sai ya gangara gefe ya tambayi fasinja kai tsaye. In an yi dariya ya ce, "Kai dai nuna, ɗana. Tuƙin nawa ne."