Albam Ɗin Da Na Ƙi Sa Wa A Memori

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba na jin zai ɗauke ranar da na ji muryar ɗiyar ƙanena a cikin motar haya.

Na daɗe ina sayar da kaset a kasuwar Lolo, da zamani ya juya na koma tura wa mutane waƙoƙi a memorin waya. Waƙar da ban sa ba, da wuya ta shiga ƙauyukanmu. Mu masu wannan sana'a kuwa ba ma sauraron waƙa har ƙarshe. Farkonta muke ɗanɗanawa, in ganga ba ta tashi nan take ba sai mu tsallake.

Haka na yi wa ɗiyar ƙanen nawa. Ta kawo mini albam ɗinta na farko, waƙoƙi takwas da ta rubuta da kanta, wasu da Hausa wasu da yaren Dendi. Na danna ta ɗaya, na ji jita da piyano a hankali, na tsallake. Kafin ta gyara zama na gama da duka. Na ce mata ba mai taka rawa da wannan a gidan biki.

"Baffa, ai ba na rawa ba ne," in ji ta. "Na zama ne."

Na yi dariya, na ce masu zama ba sa zuwa rumfata. Ta tafi. Daga baya na ji ta bar waƙa, ban ko damu ba, Allah ya yafe mini.

Bayan kamar shekara na tsallaka ƙasar Benin ta'aziyya. A hanyar dawowa direba ya kunna wata waƙa, na gane jitar. Wannan karon ba ni da abin dannawa, dole na saurara. Muryarta ta shigo a sanyaye, can wasu muryoyin suka hau kanta, duk nata ne, sai a tsakiya ganga ta faɗo kamar dakan shinkafa. Labarin matar masunci ne mai jiran mijinta a bakin kogi. Wata mai kifi da ta cika mu da surutu tun daga tasha ta yi tsit, da aka gama ta ce a maimaita.

Direban ya ce bai san mai waƙar ba, wani ne ya tura masa, amma fasinjojinsa kullum sai sun nema.

Na ce, "Ɗiyata ce."

Mai kifi ta dube ni sama da ƙasa. "Tsoho, da wannan muryar taka?"

Aka yi ta dariya, har da ni, ina share ido.

Ban tsaya gida ba, na wuce Bagudo inda take zaune na roƙi gafararta. Ta ce ta yafe, amma sai na zauna na ji takwas ɗin. Na zauna. Tun daga ranar kowace memori da su nake farawa. Albam ɗin bai yi tashe ba, masu kiɗan biki har yau ba su kula shi, amma ta koma rubuta waƙa.

Abin da na koya shi ne, in wani ya miƙo maka aikin da ya sha wahala a kansa, ka ba shi lokacinka kafin ka ba shi ra'ayinka.